Kwantaccen Kunnen Zomo da Cutar da ke Ɓoye a Ƙarƙashinsa

Kiwon zomo sana'a ce da ta daɗe da samun gindin zama a Minna da kewayenta, domin kuwa daga Bosso zuwa Tunga, daga Maitumbi zuwa Kpakungu da Chanchaga, da wuya a rasa unguwar da ba a kafa kejin katako da waya a gindin katanga ba, yaro ko uwargida na yanko ciyawa ana zuba wa waɗannan bayin Allah da ba su da kuka balle su dami maƙwabta. Galibin abin da ake kiwo a nan zomaye ne masu miƙaƙƙun kunnuwa, jikokin farin Niyuzilan da Cincila da Kalifoniya waɗanda suka gauraya har asalinsu ya ɓace, kuma irinsu ne ake nazari a gonar koyarwa ta Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Minna a 1983, da cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke kusa da Zariya. Amma a 'yan shekarun nan, tun da wayar hannu ta zama kasuwa, wani irin zomo ya fara shigowa ta hannun masu sayar da dabbobin ado na Legas da Ibadan da Abuja, wanda kunnuwansa suka zubo ta gefen kumatu, masu kiwo na ce masa lof. Da yake kuwa idonmu ya riga ya saba ganin kyau a zubabben kunnen tumakin Balami da Uda, nan da nan ya shiga ran jama'a, ana sayensa da tsada, ana kai wa yara kyautarsa. Abin da wannan bahasi ke nufin bayyanawa shi ne, kwanciyar kunnen nan da ake biyan kuɗi dominta naƙasa ce a ginin guringuntsi, kuma tana buɗe ƙofa ga wata cuta mai ɓuya wadda mai kiwo ba ya farga da ita sai ta yi nisa.

Asalin zomon gida baki ɗaya, ko wane launi ko girma yake da shi, zomon rami ne na ƙasar Andalus da kudancin Faransa, wanda malaman halitta ke kira Oryctolagus cuniculus, jinsinsa kuwa dabam ne da zomon dajinmu da mafarauta ke bi da karnuka, wanda ba ya haƙa rami, yana kuma haihuwar 'ya'yansa da gashinsu, idanu a buɗe. Dukkansu biyu Ubangiji ya halicce su da kunnuwa a tsaye, a cikin haka kuwa akwai hikima biyu bayyanannu. Ta farko ita ce ji, saboda dabba ce da ba ta da ƙaho ko farcen yaƙi, shaho na nemanta daga sama, muzuru da maciji daga ƙasa, shi ya sa aka ba ta kunnuwan da kowanne ke juyawa shi kaɗai zuwa inda motsi ya fito, suna kuma kama siririn sauti mai kaɗawa fiye da sau 40,000 a daƙiƙa guda, alhali ɗan Adam ba ya wuce kimanin 20,000. Hausawa sun ce in kunne ya ji jiki ya tsira, ga zomo kuwa wannan magana zahiri ce. Hikima ta biyu ita ce sanyaya jiki. Zomo ba ya gumi yadda mutum ko doki ke yi, hakinsa ma bai kai na kare amfani ba. Ganyen kunnensa, wanda ya kai kimanin kashi 12 cikin 100 na faɗin fatarsa, shi ne mafitar zafinsa, domin akwai babbar jijiyar jini da ta ratsa tsakiyarsa da wasu a gefe, in rana ta take sai su buɗe, jini ya kwararo kusa da iska ya huce, sa'an nan ya koma ciki.

Daga gindin ganyen kunne rami ya gangara zuwa dodon kunne, bangon wannan rami kuwa guntayen guringuntsi ne da suka shiga bakin juna suka riƙe juna, ta yadda bututun zai zauna a miƙe, a buɗe, iska na shiga, dauɗar kunne na fitowa sannu a hankali ba tare da an taimake ta ba. A bayan dodon kunne akwai wani kogo na ƙashi mai cike da iska, shi ne kunnen tsakiya, inda ƙananan ƙasusuwa uku ke miƙa wa juna girgizar sauti; wannan kogo yana da wata siririyar hanya da ta sada shi da maƙogwaro, kuma dab da shi jijiyar da ke motsa fuska ta wuce. Can ciki kuma, a cikin ƙashin kai, akwai kunnen ciki mai sassa biyu, ɗaya na ji, ɗaya na daidaita tsayuwa, wanda in ya taɓu dabba ba ta ƙara sanin sama da ƙasa. Wajibi ne mai karatu ya riƙe waɗannan ɗakuna uku da ƙofofinsu biyu, ta waje da ta maƙogwaro, domin duk abin da zai biyo baya a kansu yake.

To, a jikin lof guntayen guringuntsin nan ba su haɗu ba. Tsakanin na gindin ganyen kunne da na bakin ramin akwai tazara ta milimita 3 zuwa 5 wadda tsoka da fata kaɗai suka cike, a nan ne nauyin kunnen ke rinjaya ya karya bututun, kamar yadda tiyon ban ruwa ke toshewa in an lanƙwasa shi. Ana haihuwar ɗan lof da kunnuwa irin na kowa, sai bayan 'yan makonni su fara zubowa. Masu kiwon ado na Ingila ne suka fara zaɓen wannan siffa suna haɗa masu ita da juna, har lof na Ingila ya shahara a ƙarni na 19. Daga gare shi aka fitar da lof na Faransa wajen 1850, sa'an nan wani mutumin Holan mai suna Adriann de Cock ya fara aikin ƙanƙanta shi a 1949, aka karɓi irinsa a ƙasarsu a 1964. Gasar tsawon kunne ta kai ga an auna wani zomo a Amurka a 2003 aka sami santimita 79 daga bakin wannan kunne zuwa bakin wancan. Tun a 1868 kuwa Charles Darwin, a littafinsa na sauye-sauyen dabbobi da tsirrai a hannun masu kiwo, ya auna ƙoƙon kan irin waɗannan zomaye, ya tarar cewa wanda kunnensa ɗaya ya kwanta ɗaya ya tsaya, ramin ƙashin ɓangaren da ya kwanta ya karkata gaba, har ƙoƙon kan da muƙamuƙi sun ɗan murɗe. Ashe dai al'amarin bai tsaya a fata ba, ya kai ga ƙashi.

Hujjar zamani ta zo daga Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan, inda Jade Johnson da Charlotte Burn suka buga sakamakon bincikensu a 2019. Sun duba zomaye 30 a wani gidan ajiye yasassun dabbobi, 15 masu kwantaccen kunne, 15 masu miƙaƙƙe, suka sami cewa yiwuwar ƙuncin ramin kunne ga na farko ta ninka ta na biyu sau 43, yiwuwar nuna alamar zafi in an taɓa kunnen ta ninka sau 15, ta ciwon haƙoran gaba kuwa sau 23. Adadin zomayen kaɗan ne, su kansu masu binciken ba su ɓoye haka ba, amma ratar da ke tsakani ta yi girman da mai hankali ba zai kau da kai daga gare ta ba, musamman da yake ta dace da abin da likitocin zomo suka daɗe suna gani a ɗakunan aikinsu.

Cututtukan da ke kama kunnen zomo ba iri ɗaya ba ne, kuma mafi yawan hasarar da masu kiwo ke yi ta samo asali ne daga cakuɗa su. Wadda kowa ya sani a Minna ita ce ƙazuwar kunne, sababinta kuwa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne dangin kaska, sunansa Psoroptes cuniculi, wanda ke zama a saman fatar ramin kunne, yawunsa da kashinsa na tayar da ƙaiƙayi, fata na tsatsar da ruwa yana bushewa hawa kan hawa, har ɓawo mai launin ƙasa ya cika kunnen. Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro kimanin mako uku ne, yana kuma iya rayuwa kusan tsawon wannan lokaci a jikin katakon keji ba tare da zomo ba, shi ya sa cutar ke dawowa bayan an zaci ta tafi. Wannan tana kama mai miƙaƙƙen kunne da mai kwantacce, bambancin kawai shi ne, a kunnen da ke tsaye ana hango ta daga nesa, a wanda ya kwanta kuwa tana cin kasuwarta a duhu da ɗumi da laima har sai wari ya tona ta. Duk da munin kallonta, ita ce mafi sauƙin magani: allurar ivermectin daga hannun likita, a maimaita sau biyu ko uku da tazarar kwana 10 zuwa 14, a yi wa dukkan zomayen gidan tare, a kuma wanke kejin. Ɓawon nan kuwa haramun ne a ɓamɓare shi da tsinke, domin ɗanyen nama ne a ƙarƙashinsa, azabar kuma mai tsanani ce. In ƙwarin suka mutu shi da kansa yake zubewa.

Cuta ta biyu ita ce wadda ta fi addabar lof, a kanta ne kuma ya kamata a daɗe. Da yake bututun ya karye, dauɗar da fata ke fitarwa kullum ba ta samun hanyar fita, sai ta taru a ƙasan lanƙwasar, ta danne dodon kunne, ta riƙa tura bangon ramin ta wajen tazarar nan mai rauni har ya kumbura ya zama aljihu a gindin kunne. A cikin wannan tarin ƙwayoyin cuta ke samun masauki, dauɗa ta rikiɗe ta zama mugunya. Mugunyar zomo kuwa ba irin ta akuya ko ta mutum ba ce da za a huda ta tsiyaye. Fara ce, mai kauri, daskararriya, jiki kuma yana gina mata bango mai tauri wanda magani ba ya ratsawa da sauƙi. Saboda haka ne mai kiwo zai shafa gindin kunnen zomonsa wata rana ya ji wani ƙulli, ya kai wa wanzami ko ya tsaga da reza, ya matse abin da ya samu, bayan mako biyu ƙullin ya dawo fiye da da, domin abin da aka matse ambaliya ce kawai, tushen yana can ƙasa inda yatsa ba ya kai wa. In aka bar shi, dodon kunne na iya fashewa mugunyar ta faɗa kogon tsakiya.

Cuta ta uku kuwa ta ƙofar maƙogwaro take shigowa, kuma tana da alaƙa da yadda muke gina kejinmu. Akwai ƙwayar cuta mai suna Pasteurella multocida da ke zaune a hancin zomaye da yawa ba tare da ta yi musu illa ba, sai ran da jiki ya raunana. Fitsarin da ya kwana a ƙarƙashin keji yana tayar da wani tururi mai yaji wanda ke ƙona fatar cikin hanci, ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu na ƙarawa a kai, cunkoso da rashin iska su cika aikin. Daga nan sai mura, zomo na atishawa, gashin ƙafafunsa na gaba ya manne saboda share majina. Ta siririyar hanyar nan ƙwayar ke hawa zuwa kunnen tsakiya, ta cika kogon da mugunya alhali daga waje kunnen tsaf yake. Wani bincike da Ricardo de Matos da abokan aikinsa na Jami'ar Cornell ta Amurka suka buga a 2015, inda suka duba hoton ƙoƙon kan zomaye 88 da na'urar da ke ɗaukar hoton jiki yanki-yanki, ya nuna cewa a cikin 67 da ba su da wata alamar ciwon kunne, 18 suna ɗauke da cuta a kunnen tsakiya. Idan ta ƙetara zuwa kunnen ciki, a nan ne ake ganin abin tausayi: wuya ya karkace, ido ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa, ƙwayar idon na rawa, zomo na birgima ya kasa tsayawa. Wasu kan ce iska ce ta buge shi ko sammu aka yi wa gidan, haƙiƙa kuwa hajijiya ce mai sababi sananne. Sai dai akwai wata ƙwayar dabam, Encephalitozoon cuniculi, mai kama ƙwaƙwalwa da ƙoda, wadda ita ma ke karkatar da wuya, maganinta kuma dabam ne, rarrabe su aikin likita ne.

Babbar musibar duka ita ce zomo ba ya kai ƙara. Dabbar da ake farauta ɗabi'arta ce ta ɓoye rauninta, domin a daji wanda ya nuna gajiya shi ake fara ɗauka, kuma wannan ɗabi'a ba ta bar shi ba don ya shigo keji. Saboda haka alamomin ƙanana ne: ya daina son a shafa kansa, ya riƙa girgiza kai ko sosa gindin kunne, ya rage cin harawa mai tauri saboda tauna na motsa wurin ciwon, leɓensa na gefe ɗaya ya ɗan ɗage sama saboda jijiyar fuska ta taɓu, ko kuwa a shigo a tsaya a kansa bai sani ba sai ya gani ya firgita. Ana yawan yabon lof da sanyin hali, ana cewa ya fi dacewa da yara. Ni kuwa a ganina ya kamata a yi tsai a kan wannan yabo, domin dabbar da jinta ya ragu, kanta kuma na mata ciwo, lalle za ta zauna wuri ɗaya, kuma zalunci ne a kira jinya da sunan ladabi.

Game da magungunan da ake yi a gida, akwai mai ɗan amfani, akwai mai kisa. Ɗiga man ja ko man gyaɗa yana shaƙe wasu ƙwarin ƙazuwa, amma ba ya kashe ƙwansu, a kunnen lof kuma yana taruwa ne a ƙasan lanƙwasa ya ƙara laima. Baƙin man inji, wanda wasu ke shafa wa dabbobi, guba ne, zomo kuwa yana lasar ƙafarsa bayan ya sosa kunne. Maganin ɗigawa na mutane da ake saye a kemis sau da yawa yana ɗauke da gentamicin ko neomycin, waɗanda in dodon kunne ya fashe suna iya kashe ji gaba ɗaya, wasu kuma an haɗa su da sinadarin rage kumburi mai karya garkuwar zomo. Mafi haɗari shi ne a fasa kafso na Ampiclox ko amoxicillin a zuba a ruwan sha, domin cikin zomo ya dogara ne ga wasu ƙwayoyi masu amfani da ke narkar masa da ciyawa, dangin penisilin kuwa in sun bi ta baki sai su hallaka su, gudawa ta biyo baya, zomo ya mutu cikin 'yan kwanaki. Haka nan maganin ƙuma na karnuka mai ɗauke da fipronil yana kashe zomo.

Abin da likitan dabbobi zai yi shi ne ya miƙar da kunnen ya leƙa da fitilar dubawa, ya ɗebi dauɗar ya duba a madubin likita ko ƙwaro ne ko mugunya, in da hali a shuka ta a ɗakin gwaji a san maganin da ke kashe ta, ya wanke ramin bayan ya sa dabbar barci, ya ba da maganin zafi, sa'an nan maganin ƙwayoyin cuta na makonni masu yawa. Inda cutar ta ci ƙashi, likitocin Turai kan yi tiyata su buɗe gefen ramin, ko su cire wani sashe nasa su kankare kogon tsakiya. Wannan aiki ne mai tsada da ke bukatar na'urar hoto da gwanin hannu, kuma ba shi ne abin da talaka mai zomo biyar a bayan ɗaki zai dogara da shi ba. A wajenmu, bisa ga haka, nauyin ya koma kan hana cutar tun ba ta kafu ba.

Yanayin Minna ma bai sauƙaƙa wa lof ba. Zomo ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 da 21, in aka haura 30 sai ya fara wahala, alhali a Maris da Afrilu zafin garin nan na haura 35 kusan kullum. Mai miƙaƙƙen kunne yana baza nasa ya tari iska ta fuska biyu, mai kwantacce kuwa fuskar ciki na manne da kumatunsa, ba ya iya ɗaga ta. In damina ta sauka kuma, laima na ƙaruwa a cikin rufaffen ramin, dogon kunnen lof na Ingila na jan ƙasa, farce na yankarsa, ƙuda na bin miki. Ga kuma al'adar nan tamu ta ɗaukar zomo da kunnuwa, wadda ake gani a kasuwa da cikin gida, har yara sun ɗauka kunnen mariƙi ne. Nauyin jiki duka a kan guringuntsi da jijiyoyin jini azaba ce ga kowane zomo, ga lof kuwa jan yana sauka ne daidai kan tazarar da ba ta da ƙarfi. Daidai shi ne a sa hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirjinsa, ɗaya a tallafi gindinsa, a jingina shi da jiki.

Malamanmu ba su bar wannan babi ba hukunci. Naman zomo halal ne a mazhabobi huɗu, hujja kuwa hadisin Anas ɗan Malik da Buhari da Muslim suka ruwaito game da zomon da aka kama a Marruz Zahran, Abu Ɗalha ya yanka, aka aika wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da wani sashe nasa ya karɓa. Amma halaccin ci bai sauke haƙƙin kulawa ba: Muhtasar na Halil ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita inda ba makiyaya, hadisin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu kuma sananne ne ga kowane almajiri. Wanda ya kulle dabba a keji ya ɗauke mata ikon neman sauƙi da kanta, lafiyarta ta zama amana a wuyansa. A kan wannan ne nake ganin mai kiwon nama ba shi da wata fa'ida a lof ko kaɗan, kuma kuskure ne ya sa namijinsa a cikin garken gida don neman 'ya'ya masu ban sha'awa, domin abin da zai samu shi ne zomaye masu kunne ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, da raunin da zai bi zuriya. Mai sayarwa kuma wajibi ne ya faɗa wa mai saye wannan aibi, kamar yadda shari'a ta ɗora wa duk mai ciniki.

Wanda kuwa lof ya riga ya shiga hannunsa, to, kada ya yasar da shi, sai dai ya san ya ɗauki aiki na mako-mako. Ya ɗaga kowane kunne a hankali ya duba cikinsa da hasken rana, ya shinshina, ya shafa gindin kunnuwan biyu a lokaci guda don ya ji ko ɗaya ya fi ɗaya tudu, ya kalli fuskar daga gaba ko leɓɓan sun daidaita. Kada ya cusa auduga ko gashin kaza a ramin, domin tura dauɗar ciki kawai yake yi. Abin da ido ya gani a bakin kunne shi kaɗai zai share da tsumma mai tsabta. Kejin ya kasance a inuwa, nesa da kwanon rufi, iska na ratsa shi, ana kwashe fitsari kullum. Sabon zomo da aka sayo a ware shi wata guda kafin ya haɗu da na gida. In kuwa zomo ya yi sa'a 12 bai ci ba, bai kuma yi kashi ba, ko da ciwon daga kunne ya faro, hanjinsa ne ya fara tsayawa, a ranar ake kai shi asibitin dabbobi, ba a jira wayewar gari.